Ƙwan da Alhaji Ya Naɗa Injiniya

Jiya wani saurayi a layinmu ya tare ni a bakin masallaci, wai, "Baba Sabo, ashe sana'ar nan taku ta da ba komai ba ce. Ruwa ne ka ɗura a leda, ka jefa a firiza, ka tafi kallon ƙwallo, ka dawo ka tarar ya daskare." Na dube shi tun daga askin kansa har silifas ɗinsa, na ce Allah ya shirye ka. To, tunda ku duka haka kuke gani, ku buɗe kunne. Abin da kuke yi da firizar gidanku wasan yara ne. Mu ƙanƙara muka yi, irin wadda in guda ɗaya ta suɓuce ta faɗo maka a ƙafa sai an kai ka wurin mai ɗori.

Gidan ƙanƙarar da na yi wa aiki yana wani lungu a ƙasan Gangare a Jos, ta hanyar da ke ɓullewa kasuwar Taminus. Na Alhaji Mamuda ne, Allah ya jiƙansa, ya kuma yafe masa rowarsa, don tana da yawa. Baƙi dariya suke yi in sun ji ana sayar da ƙanƙara a Jos, wai garin da mutum ke wanka yana salati saboda sanyi. Ba su san ciniki ba. Masu kunu da zoɓo na kasuwa namu ne, masu ruwan leda namu ne. Direbobin da ke gangarawa Bauchi da Shendam, inda rana ke dafa mutum a tsaye, su cika bayan mota su rufe da garin katako. Masu gidajen giya ma suna aiko baro tun da safe, Alhaji ya kau da kai yana jan carbi har a gama lodi, ya ce shi dai ruwan famfo ya sayar, abin da za a jingina masa bai gani ba.

Amma manyan masu sayenmu matan kifi ne, kuma a cikinsu babu kamar Maman Kaneng. Daga Tudun Wada take zuwa, gajeriya ce mai faɗi, ga murya kamar hon ɗin tifa. Rumfarta tana cikin babbar kasuwar Taminus, tana sayar da kifin kwali da ake kawowa daga Legas. Ba ta ɗaukar ƙanƙara sai ta ƙwanƙwasa ta da ƙotar wuƙa ta kara kunne. In ta ji cikinta da rami, wato ba ta gama nuna ba, sai ta ce, "Kai mai kunnen nan, ruwa na zo saye ko ƙanƙara?" In ta ji ta cika tam, sai in koma "ɗana Sabo", har a miƙo min kan kifi a leda. Alhaji kuwa kullum ta gan shi sai ta ce, "Alhaji, hannunka ya fi kayanka tauri." Ya yi dariya, don ya ɗauka yabo ne.

Aikin duka a tanki yake. Tanki ne na ƙarfe, tsawonsa ya kai ɗaki, zurfinsa ya kawo min ƙirji, an rufe shi da katakai da muke takawa a kai. Cikinsa ruwan gishiri ne. Bututan sanyi daga injin sun zagaye shi ta ciki, ga farfela a kusurwa tana juya ruwan ba hutu. Sai gwangwanaye dogaye na ƙarfe, ka cika su da ruwan famfo mai kyau, ka zura su a jere cikin ruwan gishirin har wuya. Ruwan cikin gwangwani shi ne zai zama ƙanƙara, na tanki kuwa haramun ne ya daskare. Dalilin gishirin ke nan. Ruwa zalla rago ne, da sanyi ya matsa masa sai ya sandare. Wanda ya sha gishiri kuwa, sai ya fi ƙanƙara sanyi amma yana nan yana yawonsa, yana zagaya gwangwani yana zuƙe masa ɗumi har ya ƙame. In gishiri ya yi kaɗan, ruwan tankin ne zai fara daskarewa a jikin bututan, ya yi musu bargo, sanyi ya maƙale a nan, gwangwanaye su kwana da ruwansu. In ya yi yawa, ya kwanta a ƙasa kamar yashi yana cin ƙarfe, kai kuma Alhaji ya ci mutuncinka a gaban masu baro.

Ranar da na fara koyo, gwangwani aka ba ni in cika. Wanda ya koya min Baba Gyang ne, wani tsoho daga wajen Bukuru, wanda ya yi aikin ɗakin sanyi tun zamanin Turawan kuza. Ruwa na dab da kaiwa baki sai na ji ƙugiyar ciro gwangwani ta sauka a bayan hannuna. Ya ce, "Yaro, ka bar mata wurin miƙewa. Ƙanƙara ta fi ruwanta girma, shi ya sa take tasowa sama in ka jefa ta a kofi. Ka cika, ta farke maka gwangwani." Daga nan ya ɗebo ruwan tanki a bokiti, ya karɓi ragowar zoɓon wata mai talla, ya zuba a hankali ta jikin bokitin. Wallahi zoɓon nan bai gauraya ba. Ya kwanta a sama jajir, kamar manja a kan miya. Ya ce, "A idonka ruwa duk ruwa ne. To wani ya fi wani nauyi. Mai gishiri nauyi gare shi, ƙasa yake tafiya. Maras gishiri sakarai ne, sama yake zama."

Sai ya tambaye ni ko na taɓa wanka a tsofaffin ramukan kuza. Na ce wane ɗan Jos ne bai sha bulala a kan wannan ba? Ya ce, "To ya ka ji ruwan?" Na ce a ƙirji ɗumi, a ƙafa kuwa kamar ana cizonka. Ya ce shi ke nan, ka gama karatun. Ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi nauyi, shi ma ƙasa yake kwanciya. Gishiri na ja ƙasa, sanyi na ja ƙasa, in ka bar tanki ba motsi sai ya rabu hawa hawa, na sama daban, na ƙasa daban. Don haka farfela ba ta tsayawa, in an ɗauke wuta kuma ka ɗauki dogon katako ka zama farfela da kanka har a tada janareta. Na yi wannan tuƙin har kafaɗuna suka san hanya.

Ciro ƙanƙara kuwa, ku da kuke fizgo leda da yatsa biyu, ku zo ku gwada. Ka ɗaga katako, ka saƙala ƙugiya a kunnen gwangwani, ka ja da ƙugunka ba da hannu ba. Ka tsoma shi a rabin duro na ruwan ɗumi don jikinta ya saki ƙarfen, ka kifa a kan dakali, ta zamo waje tana hayaƙi. Ruwan gishiri ya shiga takalminka, ya samu fason ƙafarka, ka ambaci sunan kakarka. Tafin hannuna ya yi kaushin da matata ta ce da shi ya kamata a riƙa kankare tukunya.

Yanzu ga tambayar da duk aikin ya rataya a kanta: ya za ka san gishirin tanki ya kai? Kada ka ce ɗanɗano. Harshe maƙaryaci ne, in gishiri ya wuce na miya duk ɗaci ɗaya yake ji, ga tsatsa ga sanyi. Baba Gyang ya ce a da akwai wani ma'aunin gilas irin na masu cajin batir, wani Bature ya zauna a kai. Abin da ya rage mana ƙwai ne. Duk safiyar Litinin sai a je wurin Iliya mai shayi, wanda teburinsa ke bakin ƙofarmu, a karɓo ɗanyen ƙwai, Alhaji ke biya. A ɗaga katakon kusa da farfela, a saki ƙwan a hankali. A ruwan famfo ƙwai nutsewa yake yi. A ruwan da ya ƙoshi da gishiri sai ya taso, kansa ya leƙo waje kamar faɗin tsohon kwabo. In ya leƙo haka, lafiya lau. In ya tsaya a tsakiya yana shawara, a kawo buhun gishiri. Kuma ba a gwadawa bayan an daɗe ba wuta, don in tanki ya yi ɗumi ruwansa ya rage nauyi, ƙwai ya ɗan sunkuya, ka zabga gishirin da ba a buƙata.

In an gama, Baba Gyang ya ciro ƙwan, ya goge a rigarsa, ya miƙa wa Iliya a soya masa da albasa da tarugu. Na tambaye shi me ya sa ba a ajiye shi don wani satin. Ya ce, "Dokar tanki ce. Mai tanki yana cinye ƙwan." Na ce wa ya kafa dokar? Ya ce wanda ya koya masa haka ya yi. Ni dai na ɗauka wayon tsofaffi ne na cin ƙwai a aljihun mai gida, kuma na yaba da wayon. Da ƙafafunsa suka gaji ya koma ƙauye noman dankali, aka ba ni tanki. Ba a ƙara min komai ba sai ƙwan Litinin, kuma na riƙe shi da muhimmanci, da burodi nake haɗawa.

Sai shekarar da kasuwar Taminus ta ƙone. Ba sai na ba ku labarin gobarar ba, iyayenku sun ba ku. Mu dai wuta ba ta taɓa mana ko katako ba, amma ta cinye masu sayenmu. Masu zoɓo suka watse, masu kifi suka zauna a gida, rabin gwangwanayenmu muka kife a bayan ɗaki. Alhaji ya shiga neman abin da zai rage. Ya rage dizal, ya rage sabulu, ya cire ƙwan fitila ɗaya daga cikin biyu. Wata Litinin ina tsaye gaban Iliya, mai ya yi zafi a kasko, sai ga Alhaji ya riƙe min hannu.

Ya ce, "Sabo, wai ƙwan nan da kake fasawa duk sati, ciwo yake yi in ya shiga ruwa?"

Na ce, "A'a, Alhaji, dokar tanki ce."

Ya ce, "Tankin nawa ne ko na doka? Ma'auni ake cinyewa? Ka taɓa ganin mai awo ya cinye mudunsa?"

Ya karɓe ƙwan, ya sa biro ya yi masa idanu biyu da gashin baki, ya samo gwangwanin madara ya shimfiɗa auduga, ya kwantar da shi, ya ɗora a kan kabad ɗin ofishinsa. Ya ce daga yau ga injiniyan gidan nan, wanda ba ya cin abinci, ba ya neman ƙarin albashi. Sunan ya bi shi. Duk Litinin Alhaji da kansa zai fito da Injiniya, ya sake shi a tanki, ya ciro, ya shafa masa kai ya mayar. Ni kuwa na ji haushi ƙwarai, kuma ba don tanki ba, don cikina. Har gaisuwa na rage wa Alhaji tsawo.

Damina ta sauka. Kwanon rufinmu ya tsufa, yana yoyo daidai kan tanki, ruwan sama na bin tsakanin katakai yana shiga. Ga wanda ke zuba daga gwangwanaye in ana zura su. Da can a irin wannan lokaci buhun gishiri ba ya daɗewa a gidan. Amma bana duk Litinin Injiniya sai ya taso, ba faɗin kwabo ba, har gashin bakinsa a waje. Alhaji ya riƙa washe baki, yana cewa albarka ce ta sauka a tankinsa, gishiri ya daina ƙarewa. Ƙanƙara ta fara jinkirin nuna. Wadda ke yi a kwana guda ta koma neman biyu, kuma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji rami. Alhaji ya ce injin ne, aka kira makaniki ya ƙara gas. Ya ce makanikin ɓarawo ne, aka kira wani. Ya ce masu wuta ne ke ba mu rabi rabi. Daga ƙarshe ya ce hannun maƙiya ne, ya kawo wani abu a ƙulle cikin fata ya rataye a kan farfela. Na ce, "Alhaji, ko dai mu zuba gishiri mu gani?" Ya ce, "Kai da Injiniya wa ya fi sani?" Gaskiya ni ma da na ga ƙwai a sama sai na haƙura, don abin da aka koya min ke nan.

Cikin wannan hali Maman Kaneng ta dawo. Tun gobara ba mu gan ta ba. Rumfarta ta tafi, firizojinta sun narke, ɗakin sanyin da take ajiya a cikin kasuwa ya zama toka. Ta rame, muryar ce kawai ba ta ƙone ba. Ta zauna a kan benci ta gaya mana ta sayar da gonar da ta gada a ƙauye, matan cocinsu sun haɗa mata abin da ya samu, ta yi odar kifi daga Legas, motar za ta iso ranar Juma'a da safe. Ta samo gawar firiza guda uku daga wurin masu gyara, ta jera a gefen titi inda 'yan kasuwa suka koma baje kaya. Ba wuta a wurin, ƙanƙara ce za ta riƙe kifin har ta sayar.

Ta ce, "Alhaji, ka ji ni da kyau. Wannan kifin shi ne ƙarshena. In ya lalace ba ni da wata gonar. Zan samu ƙanƙara ranar Juma'a ko in nemi wani wuri tun yanzu?"

Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Maman Kaneng! Tanki guda naki ne. Mun yi lodi tun yau, kafin Juma'a ta zama dutse."

Ranar Juma'a da hantsi ta iso da masu baro. Kifi ya sauka, yana can gefen titi a kwalaye, kuma ya sha hanya, ya fara saki. Na ɗaga katakon farko, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Saman tanki ya yi ɓawo fari, bututan sanyi sun kumbura da ƙanƙara kamar ƙafar mai tundurmi, farfela na gurnani tana juyawa da ƙyar. Ina tsaye bel ɗinta ya tsinke. Na fasa ɓawon, na ja gwangwani, na kifa. Wata 'yar fatar ƙanƙara ta faɗo ta tarwatse, ruwa ya malale mana a ƙafa. Na ja na biyu, haka. Na tsallaka can ƙarshen tanki na ja wani, haka. Maman Kaneng ta bi ruwan da ya malale da kallo.

Alhaji ya fito cikin farar shaddarsa ta Juma'a, ta sha guga tana ƙamshin turare. Ya ce ba dai gishiri ba, bari ku gani. Ya ɗauko Injiniya ya saka a ramin da na fasa. Injiniya ya kwanta a kan ruwa, rabin jikinsa a waje, yana kallonmu da idanun biro. Alhaji ya ce, "Kun gani? Sammu ne!"

Iliya mai shayi ya shigo da kofin Alhaji a hannu, ya leƙa. Ya ce, "Alhaji, wannan ba ƙwan da ka karɓe wa Sabo ba ne tun bayan gobara?"

Alhaji ya ce shi ne, kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Iliya ya ajiye kofin, ya tsamo ƙwan da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ya fita da shi, muka bi shi. Ya jefa shi a bokitin da yake ɗauraye kofuna, ruwan famfo zalla. Injiniya ya taso, ya kwanta a gefe, yana lilo. Iliya ya ce, "Alhaji, ƙwai yana shan iska ta ɓawonsa. In ya tsufa cikinsa ya bushe, iska ta cika gindinsa, ko a ruwan alwala ka sa shi tasowa zai yi. Mu da haka muke gane ruɓaɓɓe. Duk kiret ɗin da aka kawo min sai na tsoma shi a bokiti." Ya ɗauki sabon ƙwai daga kan teburinsa, muka koma ciki, ya sake shi a tanki. Ya tafi ƙasa kamar dutse, ko waiwaye bai yi ba.

Nan na gane dokar Baba Gyang. Mu mun san ruwa ba mu san ƙwai ba, Iliya ya san ƙwai bai taɓa leƙa tanki ba, kuma tsakaninmu taku kaɗan ne. Cin ƙwan shi ne gyaran ma'aunin, don wanda aka cinye ba ya tsufa.

Alhaji ya fara ihu a kawo gishiri. Aka kawo buhu buhu, abin da ya ƙi saye duk damina ya saya a safiya ɗaya. Amma gishiri ba ya narkewa da sauri a ruwa mai sanyi, ƙasa ya tafi ya kwanta, ga farfela ba bel. Muka shiga tuƙi da katako, ni da masu baro. Ko da komai ya daidaita, gwangwani ba ya nuna kafin wata safiyar. Na ruga gidajen ƙanƙarar da na sani, ɗaya injinsa ya mutu tun watan jiya, ɗaya ya rufe bayan gobara, ɗaya kuma direbobin Bauchi sun kwashe tun asuba. Muka farfashe ɓawon tankin da wanda ke jikin bututan, muka cakuɗa da gishiri don ya ƙara sanyi, muka ɗura a buhuna muka kai mata. Bai rufe ko firiza ɗaya ba.

Kafin mu fita da buhunan, Maman Kaneng ta tsaya gaban Alhaji. Ta ce, "Alhaji, ba ni Injiniyan nan in gan shi." Iliya ya miƙo mata. Duk muka ja baya, don mun ɗauka a goshi za ta sauke masa. Sai ta juya shi a hannu, ta dubi gashin bakin, ta buɗe aljihun gaban farar shaddar nan a hankali ta zura shi ciki. Ta ce, "Ka riƙe ma'aikacinka, Alhaji. Allah ya ƙara arziki." Ta ɗaga tafin hannunta mai faɗi ta dafa aljihun da ƙarfi, irin dafawar da ake yi wa wanda aka daɗe ba a gani ba.

Jama'a, na yi aiki kusa da matan kifi shekara da shekaru, na san wari. Ban taɓa jin irin wannan ba. Masu baro suka watse, Iliya ya kwashe burodinsa ya koma tsallaken titi, wata akuya da ke kwance a ƙofa ta tashi ta bar unguwar. Alhaji ya tsaya hannuwa a sama, wani abu kore na gangaro masa, yana ta innalillahi. Ranar a sahun baya ya yi Juma'a, cikin rigar aro, kuma an ce duk da haka na kusa da shi sun ba shi fili. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ba zan ɓoye muku ba.

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Da na kai buhu na ƙarshe na tarar da Maman Kaneng a gefen titi tana buɗe kwalaye, tana danna cikin kifi da yatsa, yatsan na shigewa. Ta karya farashi tana kiran mutane, wasu suka saya, da yawa suka sunsuna suka wuce. Ta kwashi wani ta kai gida ta yi banda da ɗanyen itacen damina, ya fito baƙi yana ɗaci. Washegari ƙanƙararmu ta nuna, kyakkyawa, fara tas, wadda ba mu yi irinta ba tun farkon shekara. Na tura baro da kaina na kai mata. Na tarar tana wanke firizojin, sauran kifin an kai bola. Ta ƙwanƙwasa ƙanƙarar da ƙotar wuƙa, ta kara kunne, ta ce, "Ta yi kyau, ɗana. Mayar." Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san inda zan ajiye shi ba, na juya da baro ina zagin ƙwai, da kaza, da Alhaji.

Alhaji ya aika mata da abin da ya kira taimako, ta dawo masa da shi ta hannun ɗan aiken. Ya gyara rufi, ya mayar da dokar tanki ba tare da ya ambace ta ba. Mun ci gaba da aiki har firizoji suka cika gari, wuta ta ƙara lalacewa, dizal ya gagara, 'ya'yansa suka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe da tankin bayan rasuwarsa.

Amma tun a shekarar gobarar, bayan damina ta ɗauke, wata Litinin da safe, ina ɗaga katakon kusa da farfela sai na ji muryar nan a ƙofa: "Kai mai kunnen nan!" Maman Kaneng ce, da kiret ɗin ƙwai a kai. Tallan da ta koma ke nan, tana bin masu shayi daga Tudun Wada har Gangare a ƙafa, matar da a da masu baro ke layi a gaban rumfarta. Ta sauke, ta zaɓi ɗaya, ta miƙo min. Ta tsaya a kaina har na sake shi a tanki, ya taso faɗin kwabo. Ta raka ni wurin Iliya, ta harɗe hannu tana kallo har aka fasa shi a kasko. Daga ranar, duk Litinin sai ta zo, kuma ba ta tafiya sai ta ga ɓawon a ƙasa.

Wata rana ina ci na ce, "Mama, yaushe za ki koma kifi? Tanki ya gyaru, ƙanƙara sai wadda kika zaɓa."

Ta naɗa gammo, ta ɗora kiret a kai, ta gyara masa zama.

Ta ce, "Cinye ƙwanka, Sabo."